Saura Liƙi Bakwai

Talata, kwana tara, bayan La'asar

Yau mutanen Gafasa suka tafi, su ne na ƙarshe cikin masu zaman makoki. Gidan ya koma daga ni sai Bara'atu sai kaji. Mijinta ya bar mini ita har a yi arba'in, Allah ya saka masa. Ita kaɗai ta rage mana a cikin ukun da muka haifa.

Littafin nan nawa ne. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya saya mini shi, ya rubuta Halima Sadiya a bangonsa, sai dai zane-zanensa na wayoyi sun cinye rabi. Na juya shi na fara ta baya. Rabona da dogon rubutu tun ajin yaƙi da jahilci, yatsuna har ciwo suke. Amma mai takaba ba ta da inda za ta, kuma in na buɗe baki Bara'atu kuka take yi. Gara in gaya wa takarda.

Usaini, ƙanen Malam, ya sa wa shagon jikin zaure kwaɗo, inda Malam yake aikinsa. Ya ce kada a taɓa komai sai an raba gado. Ba laifinsa ba ne, haka ake yi.

Alhamis, kwana sha ɗaya, hantsi

Na zuba kunu a kofi uku. Sai da na ajiye ludayi na tuna.

Asabar, kwana sha uku, bayan Azahar

Asabar ce ranarsu. Shekara tara ke nan, tun da Malam ya bar aikin masaƙa a Kano ya dawo Gaya, kowace Asabar da hantsi sai sun taru a shago. Shi, da Malam Tukur da ya yi tuƙin babbar mota har gwiwarsa ta ƙi, da wasu dattawa biyu na unguwa, da Ba Kashim, Babarbaren da yake tahowa tun daga Toranke. Ƙaraminsu ya haura sittin. Su farke matattun rediyo da tocila, su ciro abin da ke da sauran rai a ciki, su liƙa da dalma, su haɗa fitilar sola ko abin cajin waya. Samarin unguwa suka sa musu Tsofaffin Dalma. Da farko tsokana ce, daga baya su ma da kansu haka suke kiran kansu.

Ba sa sayarwa. Fitilar islamiyyar matan aure tasu ce. Ta ɗakin unguwarzoma tasu ce. Malam ya taɓa ce mini da ba don Asabar ba, da shi ma yana gindin dalbejiya yana ƙirga motocin da ke wucewa, kowa yana gaishe shi babu mai tambayarsa komai.

Yau na ji sandar Malam Tukur a zaure. Ta zo daidai ƙofar shago ta tsaya. Ya daɗe. Sannan ya yi sallama, Bara'atu ta amsa.

Ya ce, "A gaida mai takaba. Ƙafar ce ta kawo ni, ba ta yi shawara da ni ba."

Ba Kashim bai zo ba. Tun ranar bai zo ba.

Litinin, kwana sha biyar, bayan La'asar

Ledar da aka kawo tare da hularsa ranar da ya rasu a hanya tana nan rataye a ƙusa. Baƙar leda, an ɗaure bakinta irin ɗaurinsa, sau biyu. Akwai ƙasar hanyar Ajingi a jikinta. Bara'atu ta ɗauko tsumma za ta goge, na ce ta bari.

Ban buɗe ba.

Alhamis, kwana sha takwas, bayan Azahar

Hajja ta zo, matar Ba Kashim. Tun daga zaure ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta ce ta ƙunso mini turaren wuta, sai a mota ta tuna ba ni da halinsa yanzu, ta miƙa wa Bara'atu. Muka yi gaisuwa, muka yi kukanmu, muka share.

Na ce, "Yaya jikin Ba?"

Ta ce, "Jiki ƙalau. Kunne ne da zuciya. Sadiya, ba a gaya miki abin da ya faru wajen jana'iza ba?"

Ba a gaya mini ba. Ashe bai ji kabbarar liman ba, ko ɗaya. Aka sallame, mutane suka fara watsewa, shi yana nan tsaye da hannu a ƙirji, sai da wani ya ja masa riga. Ta ce da ya koma gida cewa ya yi, abokinsa na shekara talatin, ko sallarsa bai iya yi masa daidai ba. Tun daga nan ya shiga ɗaki. Ba masallaci, ba gona, ba kasuwa. In ta kai abinci ya ci loma biyu ya ture.

Ta ƙara rage murya, kamar yana nan zai ji. "Kuma yana cewa da ba don kunnensa ba, me zai kai Malam Inuwa kasuwar Ajingi ranar nan."

Na ce, "Kwana ne ya ƙare, Hajja."

Ta ce, "Na faɗa masa. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Shi ne kaɗai bai ji ba."

Sai ta zo kan abin da ya kawo ta. Wata uku da suka wuce Ba Kashim ya ba Malam tsohuwar rediyon mahaifinsa, ya cire kayan ciki ya haɗa masa abin ji, ɗan akwati da za a rataya a wuya, ya ɗauki magana ya ƙara mata ƙarfi a kunne. Ɗansu ya taɓa sayo masa na kanti, ya yi ta yi masa fito a ka, ya jefa shi a akwati ya ce shi in ba na Inuwa ba, ba zai ƙara sa komai a kunnensa ba. Ta ce Usaini ya buɗe wa Malam Tukur shago sun duba, ba su gani ba.

Ta ce, "Ko kin san ya gama shi? In ya ga abin, ko yaya ne, ina jin zai fito."

Na ce ban ga ya fita da shi ba.

Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, kwana sha tara, hantsi

Yana ƙarƙashin gadona, a cikin kwanon samira. Saura liƙi bakwai.

Asabar, kwana ashirin, hantsi

Bari in rubuta, tunda littafina ne.

Damina biyu da suka wuce hannun Malam na dama ya fara rawa. A kofin shayi na fara gani, na yi kamar ban gani ba. Ƙarfen liƙinsa irin na da ne, wanda ake gasawa a garwashi, don wutar nan tamu ba a dogara da ita. Ni nake hura masa gawayi a kasko, in zauna ina fifita. Wata safiya ya zo ɗiga dalma, ƙarfen ya zame ya ƙone masa fanel, ɗan allon da ake liƙa wayoyi a kai, wanda ya yi sati yana haɗawa. Ya ajiye ƙarfen. Can ya ce, "Sadiya, zo ki riƙe mini wayar nan." Na riƙe. Ya sake gwadawa, ya sake kuskurewa. Ya ce, "A'a, ke riƙe ƙarfen, ni in riƙe wayar."

Ya ce in fara ɗora ƙarfen, in ƙirga uku, sannan in kawo dalmar. In ta kwanta ta yi ƙyalli, ta yi. In ta yi dusu-dusu kamar tuwon jiya, a sake. Na farko tuwon jiya ne. Na biyu ma. Na uku ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo, ya ce, "Shekara nawa kina ɓoye mini wannan hannun a cikin tukunya?"

Daga nan, kowace Asabar in sun gama musunsu da gwaje-gwajensu, sai ya ce musu ido ya gaji, zai liƙa da safe. Ya shigo da kayan ciki. Lahadi da hantsi mu rufo ƙofa, shi ya nuna da tsinke, ni in liƙa. Asabar ta zagayo in ji Malam Tukur yana cewa, "Hannun Inuwa sai ƙara kyau yake da tsufa." Ni ina bayan katanga ina tankaɗe, ina jin daɗi kamar an sa mini albarka.

Sau ɗaya ya yi mini maganar. Ya ce, "Wannan tsakaninmu ne, Sadiya. In suka sani tausayina za su fara ji, ni kuwa ba zan iya zama a cikinsu ana tausayina ba."

Na ce to.

Wannan to ɗin ce ta tsaya mini a wuya. In na ƙarasa abin, za a tambayi wanda ya ƙarasa, sannan a san wanda yake yi tun damina biyu. In ban ƙarasa ba, Ba Kashim yana ɗaki.

Talata, kwana ashirin da uku, bayan La'asar

Usaini ya zo. Da, in zai shigo, tun daga zaure yake cewa ina matata, ina tuwona, ni kuma in ce ya je ya biya sadaki tukuna. Yau daga bayan labule ya tsuguna ya ce, "Yaya Sadiya, ina wuni."

Ya ce za a yi rabo washegarin arba'in, ranar Asabar. Malamin da zai raba ya ce a tattara komai, ko allura ce. Tarkacen shago kuma zai kira mai gwangwan ya auna.

Na ce, "Ba tarkace ba ne."

Ya ce, "To, kayan shago." Sai ya ƙara da cewa, "Malam Tukur ya ce akwai ƙarfen liƙi da naɗin dalma, ba mu gan su a can ba."

Na ce suna nan ciki.

"Me ya kawo su ɗakinki?"

"Gawayi a wajena yake."

Ya yarda. Usaini mutum ne mai saurin yarda, shi dai gonarsa da gyaɗarsa, kullum kallon wasan yara yake yi wa aikin wansa. Da zai tashi ya ce, "Don Allah a adana. Ko taƙi ɗaya ne na dalmar nan, haƙƙin magada ne. Ke ma kin sani."

Na sani. Magadan kuwa mu uku ne: ni, Bara'atu, da shi.

Alhamis, kwana ashirin da biyar, hantsi

Na aiki Bara'atu niƙa, na jawo samirar. A cikin robar sabulu ya shirya shi, koriya, ya huda mata ƙananan ramuka da ƙusa inda magana za ta shiga. Na ƙirga. Bakwai ɗin dai. Na mayar, na wanke hannuna kamar na taɓa abin wani.

Asabar, kwana ashirin da bakwai, bayan Azahar

Na samu dabara. Abin ai na Ba Kashim ne, rediyon mahaifinsa ce, ba gado ba ne, amana ce. Na yage shafin da Malam ya zana shi, na haɗa da robar, na ce Bara'atu ta miƙa wa Malam Tukur ta ce an gani a cikin gida. Yana da ƙarfensa da dalmarsa. Ya ƙarasa, a kai Toranke, kowa ya huta.

Na ji sauƙi har na ci abinci sosai.

Litinin, kwana ashirin da tara, hantsi

Malam Tukur ya dawo da shi.

Daga zaure ya ɗaga murya yadda zan ji. "Bara'atu, ce wa innarki na sha kaye. Zanen Inuwa na san shi kamar hanyar Wudil, amma wannan ban san da wane yare ya yi shi ba. Ji fa: ƙafar wake ta hagu zuwa gyaɗa babba, daga nan zuwa mai jar ɗamara. Abin ji yake haɗawa ko dafa-duka?"

Bara'atu ta yi dariya, ta farko tun ranar.

Ya ce, "Na so in yi da ka, sai idon ya nuna mini waya biyu inda ɗaya ce. Na ajiye kafin in yi ɓarna. Kuma ki duba liƙin da ya riga ya yi, kamar an jera gero. Babu mai wannan hannun a cikinmu, shi ya tafi da abinsa."

Sunayen nawa ne. Ya yi ta koya mini na Turanci, sun ƙi zama. Na ce wannan ai wake ne da ƙafa uku, wannan gyaɗa, waɗannan ƙananan masu ɗamara. Ya yi faɗa, ya yi dariya, daga baya ya haƙura ya koma rubuta nawa.

Samirar ta koma ƙarƙashin gado.

Laraba, kwana talatin da ɗaya, bayan La'asar

Muna tsince shinkafa, Bara'atu ta kama hannuna ta juya shi. Ta daɗe tana kallon ɗan yatsana da babban yatsa.

Ta ce, "Inna, wannan ba ƙunar tukunya ba ce."

Na ce ta sakar mini hannu.

Ta ce, "Baba bai san wake ba sai a kwano. Wa ya ce masa wannan abin wake ne?"

Na gaya mata. Ban yi niyya ba, bakin ne ya gaji. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ashe fitilar da aka kai mata bara da sallah ni na liƙa, ita kuma tana ta yi wa dangin mijinta alfahari da babanta.

Na ce, "Ki ci gaba da yi. Shi ya zana, shi ya nuna. Ni hannu kawai na ara masa."

Ta ce, "To ki ƙarasa mana."

"Na yi masa alkawari."

"Shi ma ya yi wa Ba Kashim alkawari. Duka nasa ne, Inna. Wanne kike jin ya fi damunsa a inda yake?"

Na ce ta yi mini shiru, yaushe aka haife ta. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce ita dai ta yafe kasonta na dalmar, da ƙarfen, da gawayin ma in yana cikin gado.

Saura Usaini. Shi kuwa ba zan ce ya yafe mini dalma ba tare da ya tambayi me mai takaba za ta yi da ita ba.

Juma'a, kwana talatin da uku, bayan La'asar

Hajja ta kira a wayar Bara'atu. Yau ma Ba Kashim bai je Juma'a ba. Ya ce a ɗauki akwatin kayan aikinsa a ba duk wanda yake so.

Asabar, kwana talatin da huɗu, hantsi

Babu wanda ya zo. Ko sanda ban ji ba.

Malam, ka bar ni da abu biyu kuma kowanne naka ne. Shekara talatin da takwas ban taɓa yin fushi da kai ya kwana ba. Wannan ya kwana.

Da ka jira Usaini ya kai ka a babur kamar yadda na ce.

Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, kwana talatin da shida, bayan Azahar

Na aika aka kira Usaini. Ya tsuguna a bayan labule, ina ganin ƙafarsa duk ƙasar gona.

Na ce, "Roƙo zan yi. Ka yafe mini taƙi ɗaya na dalma, ka kuma ba ni aron ƙarfen kwana biyu. Bara'atu ta yafe nata."

Ya ce, "Wa zai yi aiki da su? Malam Tukur ai ya ce ya kasa."

Na ce, "Ni."

Ƙafar ta motsa, ta koma ta tsaya. Ya ce, "Yaya Sadiya, ba wasa kike yi ba?"

"Ka ga na yi kama da mai wasa?"

"Tun yaushe?"

"Damina biyu."

Ya gyara tsuguno. Da ya yi magana muryarsa ta canja. Ya ce shi ya ga hannun. Ranar sallar layya suna cin abinci a kwano ɗaya, ya ga loma tana zubewa kafin ta kai baki, wansa ya lura ya gani, daga ranar bai ƙara cin abinci da kowa ba. Ya ce bai taɓa kawo fitilun a ransa ba, don shi bai ɗauke su a bakin komai ba.

Ya ce, "Ta rumfar gonata ma ke ce?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Har yanzu tana ci." Sai ya ja hanci. "Na yafe. Ki ɗauki naɗin duka in kina so."

Na ce taƙi ɗaya ya isa. Na gaya masa abin da Malam ya ce mini, da to ɗin da na amsa.

Ya ce, "In aka tambaye ni, ba zan ce Kano na kai aka ƙarasa ba, ban iya ƙarya ba. Amma na iya shiru. Sauran ke da shi ne."

Talata, kwana talatin da bakwai, hantsi

Na hura gawayi. Da warin dalmar ya tashi sai da na fita tsakar gida na tsaya.

Babu mai nuna mini da tsinke. Bara'atu ta riƙe takardar tana karantowa, wake, gyaɗa, tana ƙoƙarin kada ta yi dariya. Yau hannuna ne yake rawa. Na farko tuwon jiya, na biyu tuwon jiya. Na ajiye ƙarfen, na yi alwala, na dawo. Na ƙirga uku da ƙarfi yadda yake ƙirga mini.

Uku na yi. Saura huɗu.

Laraba, kwana talatin da takwas, bayan Azahar

Na gama na fanel, saura biyun ƙarshe, inda abin kunne zai shiga. Na duba samira, babu abin kunne. Na duba takarda, ya rubuta a gefe da ƙaramin rubutu: a sayo a Ajingi.

Na sauko da ledar. Ban yanke ɗaurin ba, kwance shi na yi a hankali. Abin kunne ne, sabo, da batir biyu, da ƙullin alewar gyaɗa irin wadda nake so. Ta narke ta daskare.

Bara'atu ta karɓi ƙullin ta kai ɗaki, ta bar ni na ɗan lokaci.

Da na liƙa na ƙarshe na sa batir, ita ta fara gwadawa. Ta murɗa, ta zaro ido, ta ce tana jin kaza tana tono a bayan rumbu kamar a cikin kanta. Na ce ta rage, ba kurma ba ce ita. Na ƙi gwadawa. Na rufe robar na goge ta da gefen zanina.

Alhamis, kwana talatin da tara, bayan La'asar

Ana ta jiƙa gero da shinkafar waina. Hajja ta ce za ta kawo Ba Kashim gobe ko da ɗaukarsa za a yi. Har yanzu ban san me zan ce ba.

Juma'a, kwana arba'in, bayan La'asar

An yi addu'a da safe, an raba waina da gumba, mutane sun watse kafin rana ta take. Suka rage a zaure su huɗu na Asabar da Usaini. Ni ina tsaye a bayan zanar da ke ƙofar ciki, Hajja tana gefena. Ta cikin zanar na hango Ba Kashim. Rigar ta yi masa yawa. Ya zauna can gefe yana kallon kwaɗon shago, in an yi magana ya gyaɗa kai ba tare da ya san me aka ce ba.

Usaini ya rataya masa robar a wuya, ya sa masa abin a kunne, ya murɗa kaɗan. Shiru. Ya ƙara murɗawa.

Ba Kashim ya ce, "Wa yake daka?"

Maƙwabta ne, gida biyu tsakani.

Malam Tukur ya matso ya ce, "Babarbare, kana ji na?"

Ya ce, "Ina jin ka. Wata nawa ina jira, a rasa muryar da za ta fara shigo mini sai taka."

Suka yi dariya, har shi. Hajja ta damƙe mini hannu. Na ce a raina, shi ke nan, a tashi haka.

Amma Malam Tukur ya ce a buɗe ya gani. Ya sa tabarau, ya kai robar bakin ƙofa wajen haske. Ya ce, "Ni na mayar da abin nan da liƙi bakwai a buɗe. Ga su an rufe, kuma hannu ɗaya ne da na farkon. Inuwa yau kwanansa arba'in a ƙasa. Usaini, wa ya yi?"

Usaini ya sunkuyar da kai ya yi shirun da ya ce ya iya.

Ba Kashim yana shafa robar da babban yatsa. Ya ce, "A gaya mini. Ina so in san wanda zan yi wa addu'a tare da shi."

Na ce, "Ni ce."

Babu wanda ya juyo, kunya ta hana su. Na ce, "Tun damina biyu ni ce. Hannunsa ya fara rawa. Shi yake zanawa, shi yake nuna mini, ni nake liƙawa. Ya ce kada in faɗa, don kada ku ji tausayinsa."

Malam Tukur ya cire tabarau ya riƙe. Ya ce, "Ni kuma kowace Asabar ina yaba masa hannu a gaban mutane." Ya tashi ya fita ƙofar gida, ina jin sandarsa tana kaiwa tana komowa. Bai dawo ciki ba.

Ba Kashim ya ce, "Sadiya, sake faɗa."

Usaini ya kai hannu zai ƙara murɗawa, ya buge masa hannu. Ya ce, "Na ji sarai. Shekara talatin ina cin tuwonta, ban taɓa jin abin da ya wuce sannu da zuwa daga bakinta ba."

Na sake faɗa, a gajarce.

Ya ce, "Gaskiyarsa. Da ya faɗa, da na ji tausayinsa har sai ya tsane ni. Amma ku dubi Inuwa, Bafillacen nan. Shekara tara yana koya mana mu huɗu, babu wanda ya iya. Ashe ya samu ɗalibi a cikin gida ya ɓoye mana." Ya goge ido da hannun riga. "Allah ya jiƙan malaminki."

Na ce amin. Duk suka ce amin.

Malam, na faɗa. Ka ce tsakaninmu ne, na ce to, yau na karya. Sun ji tausayinka, ba zan ɓoye maka ba, na gani a fuskarsu. Ban san ko ka yafe ba, kuma babu wanda zan aika ya tambayo mini. Zan ci gaba da roƙa maka gafara, in roƙa wa kaina.

Ina nan tsaye ban san yadda zan koma ciki ba, sai Ba Kashim ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Muka yi shiru. Mu ba mu ji komai ba tukuna.

Ya ce, "An fara kira a masallacin Juma'a. Usaini, ba ni buta. Ku kira mini Tukur, kada mu rasa sahun gaba."